Kafin a ce iyayen Gobir ba sa son boko

Duk taron da aka yi a Sakkwato ko Abuja kan yaran da ba sa zuwa makaranta, da wuya a watse ba a jibga wa iyaye laifi ba. A ce jahilci ne, a ce talla ce, a ce aurar da 'yan mata da wuri ne, daga nan sai a ware kuɗin wayar da kai. Ni na koyar a firamare a ƙasar Sabon Birni har na yi ritaya. Na riƙe alli, na riƙe rajista, daga baya aka danƙa mini makullin ofishin hedimasta. Ban yarda kan iyayenmu ya fi na makaranta buƙatar wayarwa ba. Abin da idona ya gane mini shi ne makaranta ta karɓi amanar ɗan mutum shekara shida, amma ba ta iya buɗe baki ta gaya masa halin da ɗan nasa yake ciki.

Ka tare kowane magidanci a Gatawa, ko Kurawa, ko Bafarawa, ka tambaye shi me ke sa makaranta ta aiko masa. Zai ce maka ko kuɗi, ko laifi. Ko kuɗin PTA, ko na jarrabawa, ko na gyaran rufin da iska ta yaye, ko kuma yaron ya fasa wa wani baki. Shi ya sa in ɗan aike ya yi sallama a ƙofar gida ya ce hedimasta na kira, abin da ke fara fitowa daga bakin mai gida shi ne, "Mi yay yi kuma?" Mutumin da ba a taɓa kiransa don a yi masa albishir ba, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce a ce ya tafi gona.

Sai takardar sakamako ta ƙarshen zango, wadda mu malamai muke ɗauka ita ce saƙonmu ga iyaye. Da Turanci ake rubuta ta, lambobi a jere, sai kalma biyu ko uku da jan biro a ƙasa. Uban da aka aika wa ita ya yi saukar Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana riƙe da lissafin bashin albasa na mutum goma a ka, amma a fom ɗinmu sunansa wanda bai iya karatu ba. In ya damu ƙwarai sai ya kai wa mai kemis ya karanta masa, mai kemis ya ce yaron ya zo na kaza a aji. To, na kaza cikin su wa? In duk ajin ba mai iya haɗa baƙi da wasali, na ɗaya ma bai iya ba.

A gefen wannan makaranta, wani lokaci bango ɗaya ne tsakani, akwai makarantar allo, kuma uban nan bai taɓa buƙatar a wayar masa da kai a kanta ba. Ba ina nufin almajirin da aka tura wata uwa duniya aka manta da shi ba, wannan wata musiba ce daban. Ina nufin ta zaure, ta cikin unguwa. Malam da uban yaro sahu ɗaya suke sallah. In yaro bai zo da safe ba, kafin azahar gida ya ji. Kuɗin Laraba kowa ya san nawa ne, ya san inda za su. Abin da ya fi duka, uba na iya auna karatun da kunnensa: da dare ya ce ɗauko allonka ka biya mini, nan take ya gane ko an matsa ko ana nan. Ya san ranar da yaro ya kai Sabbi, ya san ranar da ya kai Amma, uwa ta yi sadaka, in an yi sauka gari ya shaida. Makarantar boko ta zo ta zauna kusa da wannan tsari shekara da shekaru, tun ma kafin shirin ilimin bai ɗaya na 1976 ya baza ta ƙauyuka, ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin dabarunsa ba.

Da can wannan shiru na makaranta sakaci ne kawai. Yanzu ya zama maganar rai. Wanda ba ɗan nan ba zai so a tuna masa. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Disamban 2021 aka ƙone matafiya da ransu cikin mota a Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, kuma a watan Agusta aka kashe shi a hannun masu garkuwa. Sunan ɗan bindiga Bello Turji yara sun san shi tun kafin su san sunan gwamna. In uban ƙasa bai tsira a kan hanya ba, wace uwa ce za ta saki ɗiyarta 'yar shekara bakwai ta bi ta gonakin gero zuwa makarantar da ke bayan gari, alhali ba ta da tabbacin ko akwai malami a can?

Wannan ita ce tambayar kowace safiya a gidajenmu, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin amsa ta. Malaman da aka turo daga cikin gari sun daina kwana a ƙauye, kuma ba zan zarge su ba, su ma suna da iyali. Wata rana su zo, wata rana hanya ta hana. Wasu ajujuwan sun zama makwancin 'yan gudun hijira. Makaranta kan buɗe ba sanarwa, ta rufe ba sanarwa. Yaro ya yi tafiya ya tarar da ƙofa a garƙame, ya yi ta gararamba da 'yan uwansa har rana ta take, uwa na gida tana zaton yana aji. In haka ta faru 'yan lokuta, sai ta yanke hukuncin da duk mai hankali zai yanke: zauna gida inda nake ganinka. Daga nan sai sunansa ya shiga lissafin yaran da ba sa zuwa makaranta, a je Abuja a ce iyaye ne ba su waye ba.

Samarin da ke aiki da ƙungiyoyi in ka kawo wannan magana sai su ce a buɗe zauren WhatsApp na iyaye. Ba na ƙin sa, saƙon murya da Hausa yana da amfani a cikin garin Isa da na Sabon Birni, inda waya ta wadata. Amma mu mun ga Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da namu, saboda aikin soja. Wanda ke da layin Nijar ya zama ɗan gata, sauran kuwa sai saƙon baki ta hannun direba. Ko da layi, wayar gida a aljihun mai gida take, shi kuma yana fadama ko ya tafi ci-rani Legas. Wadda ke yanke hukuncin ko yaro zai fita da safe ba ita ke riƙe da wayar ba.

Kuma akwai abin da ba a faɗa a taro amma kowa ya sani: ba kowane labari ake sawa a lasifika ba a ƙasar da ake tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Ranar komawa hutu, ranar rabon littattafai, cewa ba a biyan ko sisi don rubuta sunan yaro, waɗannan liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, sankira ya zaga da su ranar kasuwa. Amma cewa yau malamai ba su iso ba kada a turo yara, ko gobe za a tashi da wuri, wannan daga baki ne zuwa kunne. Yana buƙatar mutum ɗaya amintacce a kowace unguwa wanda hedimasta zai sanar, shi kuma ya san gidajen da zai leƙa. A sanina mata sun fi iya wannan aiki, domin su ke shiga har ƙuryar ɗaki ba wanda ya tambaye su me ya kawo su.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Ni Bagobiri ne, kakanninmu da mutanen Shehu sun gwabza har Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma gaskiya ba ta da ƙabila: Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ta warware wannan matsala tun a ƙarni na 19. Ta ga matan karkara ba za su iya zuwa inda malami yake ba, sai ta naɗa dattawan mata da aka yarda da su, waɗanda ake kira jaji, ta sa musu malfa, su zo su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su isar. 'Yan Taru ke nan. Ba ta jira mata su zo taro a tsakar rana su zauna bayan maza su yi shiru ba. Mu kuwa har yau in mun kira taron iyaye, maza ne ke cika benci, su ma tsofaffin da ba su da aikin gona, alhali uwa ce ta san ko yaron ya karya kumallo, ita ta san ranar da tallar fura ta fi ƙarfin zuwa aji.

An gwada wani abu mai kama da haka a zamaninmu. Shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da kuɗin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022 a jihohin Arewa, har da Sakkwato, ya ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata a makarantu, kuma a wasu ƙananan hukumomi an riƙa ba uwa naira 5,000 lokaci-lokaci kan kowace yarinya don ta tsaya a makaranta. Tunanin daidai ne. Rauninmu mu ne: duk abin da ya zo da motar shiri da kuɗin zama, ranar da motar ta daina zuwa shi ma sai ya kwanta. Jaji ba ta jiran alawus, girma aka ba ta a idon jama'a, kuma girman ne ya riƙe aikin.

Haka zancen kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A takarda ba abin da ya rasa: hedimasta, wakilin malamai, wakilin sarauta, malamin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. A ƙasa kuwa na ga inda ake rubuta sunayen a dare ɗaya saboda an ji tallafi na tafe, shugaba ya zama ƙanen mai gari, ma'aji ya zama surukin hedimasta, matan da ke cikin jerin ba su ma san an sa su ba. Kwamitin da aka haifa ta wannan hanya ba zai taɓa tambayar hedimasta komai ba.

Mu tsallaka iyaka zuwa Nijar, tafiyar da ba ta kai yini ba. 'Yan uwanmu na Tsibiri da Gidan Rumji da Madawa, masu zane irin namu a fuska, ba su fi mu arziki ba, makarantunsu da yawa ma rumfunan zana ne. Amma a 2004 aka fara wani shiri a jihar Tawa da taimakon hukumar JICA ta Japan, mai suna makaranta don kowa, kuma cikin 'yan shekaru aka yaɗa shi a duk faɗin Nijar. Ginshiƙinsa abu ne mai sauƙi har ya ba ka haushi. Shugabannin kwamitin makaranta jama'ar gari ke zaɓensu da ƙuri'ar sirri, ba naɗi ba. A tara gari a tattauna abin da makaranta ke buƙata a bana, a amince da abin da za a iya yi da ƙarfin kai, sannan a sake tara gari a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe. Ƙuri'ar sirrin ita ce maganin, domin a gaban mai gari ba talakan da zai ɗaga hannu ya ƙi ƙanensa, amma in takarda ce a kwali, sai ka ga an zaɓi wata ungozoma ko wani tela da kowa ya san ba ya cin amana. Ban ce komai ya gyaru a Nijar ba. Na ce sun gane cewa mutum ba ya sa hannu a abin da aka ɓoye masa lissafinsa.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don haka, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa, daga gargaɗi zuwa tara har ɗauri. A 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Sakkwato, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka yi gine-gine. Duk da haka a aikace uba ne kaɗai ake iya tuhuma. Makaranta ta yi wata guda a rufe ba a gaya wa kowa ba, ba mai amsa tambaya. Iyaye da yawa ma ba su san kyauta ne ba, domin ba wanda ya taɓa tsayawa ya faɗa musu da Hausa abin da doka ta ce kada a karɓa a hannunsu.

Kada wani ya ce ƙauyukanmu sun yi nisa, ba a iya kaiwa ga kowane gida. Masu rigakafin shan-inna sun kai. Sun bi gida-gida, sun yi rubutu da alli a jikin bango, sun san gidan da ya ƙi da gidan da yaro ba ya nan, sun koma ta hannun uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni har aka shawo kan masu ƙi, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Gwamnati ta san hanyar ƙofar gidan talaka in ta ga dama.

Daga wajen masu rigakafin ma zan ari wata shawara, saboda yaran gudun hijira. Iyali su tashi cikin dare daga ƙauye su faɗo Isa, ko Sabon Birni, ko Sakkwato, wasu su tsallaka Maraɗi inda aka tsugunar da dubban mutanenmu a wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda karatun gwamnati da Faransanci ake yi. Rajistar makarantarsu ta baya tana can cikin ofishin da gara ke ci. Yaron da ya kai aji huɗu in ya je sabon wuri sai a mayar da shi aji ɗaya, ya zauna da ƙannensa, kunya ta kore shi. Amma ka lura, uwar da ta gudu da zane ɗaya sau da yawa katin rigakafin jaririnta na ƙulle a leda cikin kayanta. A ba ta irinsa na makaranta: ɗan kati mai ƙwari, da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da sunan yaro, ajinsa, da inda ya kai a karatu da lissafi, a sabunta shi duk zango. Duk makarantar da ya faɗa, a karɓe shi da wannan kati ba tare da neman wata takarda ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda abokan aikina ba za su so ba. A ƙarƙashin wani shirin USAID da aka yi a Sakkwato da Bauchi, an samar da littattafan Mu Karanta na koyon karatu da Hausa ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ke nan abin da yaro ke karantawa a waɗannan ajujuwa harshen uwarsa ne, kuma uwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba tana iya ji ta gane ko karatu yake ko kame-kame. To a ƙarshen kowane zango, maimakon takardar jan biro, a kira iyaye rukuni-rukuni, maza da safe, mata da la'asar a gidan da suka yarda da shi, kowane yaro ya buɗe shafin da bai haddace ba ya karanta layi uku, ya yi lissafin canjin kuɗi. Ba gasa ba, ba kyauta, ba kujerar babban baƙo. A ranar kuma a karanta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, a tambayi iyaye wane lokaci ya fi dacewa a buɗe a tashi in damina ta kankama ko aikin fadama ya taso, tunda su ne suka san ranar da za su buƙaci hannun yaran.

Na san abin da za a ce a ɗakin malamai. Za a ce an tona mana asiri, yaro tamanin a aji ɗaya, albashi ba ya kai wa tsakiyar wata, ga hanya ba aminci, sannan a tsayar da mu gaban jama'a? Koken gaskiya ne. Sai dai iyaye ba su san yawancin wannan ba, domin ba mu taɓa gaya musu ba. Inda aka gaya musu, na ga gari ya ba malami ɗaki kyauta a tsakiyar unguwa, na ga an haɗa masa hatsi da kaka, na ga samari na raka shi zuwa bakin titi. Na kuma ga inda aka gano mai karɓar albashi yana zaune a birni yana kasuwancinsa, aka tashi wakilai har ofishin sakataren ilimi.

Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da ya sa nake ganin hedimasta shi kaɗai ba zai fara ba, sai hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ta sa shi a rubuce, sakatarorin ilimi na Isa da Sabon Birni su zo da kansu su zauna a taron farko. Kuɗin abin bai taka kara ya karya ba: kati, goron sankira, kwalin ƙuri'a. Amma duk jami'in da zai zo ya shirya, domin da zarar an gama addu'ar buɗe taro wani dattijo zai miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, malamin aji ukku ba mu gane shi ba tun bayan sallah, shin an ɗauke shi na, ko yana nan bisa takarda?"